Taya Mai Laushi da Garar Rabi

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Rabi ba, kuma ko na so in manta, matan garinmu Sheme ba za su bar ni ba. Har yanzu idan iska ta buga ƙofar langa-langa da ƙarfi sai in zabura. Amma bari in faro daga farko.

Rabi yayata ce, ita nake bi. Mijin da ta zaɓa ɗan wani ƙauye ne gaba da Yargoje kaɗan. Babban wanmu, Yaya Lawal, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kai hatsi kasuwa, ita aka ce za ta kai kayan ɗaki. Tayoyinta na baya sun cinye, sun yi sumul kamar tafin hannu, sai ya bar ta wurin mai faci a Ƙanƙara. Ya ce tunda zan shiga gari sayen labule, in biya shagon taya in karɓi guda biyu a ɗaura. (Ni ce na gama sakandare a gidanmu, don haka duk abin da ke da rubutu a jiki ni ake aika, har maganin ɓera.)

Mai shagon, wani Alhaji mai fara'a, ya mirgino min iri biyu, girmansu ɗaya. Ya dafa ta farko ya ce, "Wagga ta motar kaya ce. Gefenta kauri gare shi, ta ɗauki buhu, ta taka dutse, amma kowane rami sai kin ji shi a ƙugunki." Ya dafa ta biyu. "Wagga kuma ta motar shiga ce. Laushi, ba jijjiga, sai dai ba ta son nauyi. Mi za ku ɗauka?"

Na kira Yaya Lawal, layi ya ƙi shiga. Ina tsaye sai na tuna madubin Rabi. Wani dogon madubi ne da ke jikin durowarta, wanda ta fi ƙauna da duk kayan ɗakin, har ta ce min idan ya tsage a hanya kada in sake kiran ta yaya. Na ce, "Alhaji, gado ne da katifa da kwanukan tangaran da madubi."

Ya ce, "In dai shi ke nan, mai laushin za ta kai ku."

Ni "za ta kai ku" kawai na ji. "In dai" ɗin a shagon na baro shi.

Da Yaya Lawal ya je ɗauko motar da yamma ya ga abin da aka ɗaura, ya dawo gida ya kira ni zaure. "Ke, motar hatsi kika sa wa takalmin biki?" Na yi masa bayanin madubi. Ya ce jere gobe ne, ba lokacin canzawa, amma da sharaɗi: abin da na faɗa wa Alhaji shi kaɗai za a ɗora. Na buga ƙirji na ce ni zan tsaya a bakin motar da kaina, ko allura ba wanda zai ƙara.

Washegari na tsaya kuwa, har da riƙe ƙugu. An ɗora gado, an ɗora katifa, an naɗe durowa da bargo. Sai ga Gwaggo Asabe, yayar babanmu, tana dogara sanda (shekara da shekaru tana kukan gwiwa, ko bakin rijiya ba ta zuwa), bayanta maza ɗauke da buhunan sabuwar masara da shinkafa da jarkokin man gyaɗa.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, ai gara sai bayan biki ake kaiwa."

Ta ce, "Da ke nan. A wanga zamani wa za shi bi hanyar nan sau biyu? Tunda mota za ta, komai ya tafi yau."

Gaskiya ta faɗa, kowa ya sani. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, tafiya ɗaya ake yi a haɗa komai, a kuma bar hanya kafin rana ta yi sanyi. Na dai daure na ce, "Gwaggo, tayar ce ba ta..."

"Tayar mi? Ni da na goyi ubanki, ke ce za ki auna mani buhu?"

Nan tsaron da nake ya ƙare. Kuma da dangin uwa suka ga buhunan dangin uba sun hau, ai nasu ba za su kwana a ƙasa ba. Gero ya hau, wake ya hau, turmi da taɓarya suka hau. Sannan matan jere suka hau bisa kayan, kowacce da ƙullinta. Na dubi Yaya Lawal, shi ma ya dube ni. Shi da gemunsa bai iya ce wa Gwaggo komai ba, balle ni. Tayoyin baya kuwa sun baje ƙasa kamar waina.

Bayan azahar muka tashi, rana ƙwal. Ina baya na rungume durowa. Ba zan ɓoye ba, tafiyar ta yi daɗi, ko kwano ɗaya bai yi ƙara ba, har na fara yaba wa kaina a zuci. Da muka shiga wurin da daji ya matso hanya, waƙa ta tsaya, kowa ya koma motsa baki da addu'a. Muka wuce Yargoje, muka sauka daga kwalta muka hau burji mai tsakuwa, dawa ta yi tsayi hagu da dama.

Sai kawai na ji TAU!

Motar ta karkace, ta ja gefe ta tsaya. Ni da na sayi tayar da hannuna, ni da na ga yadda ta baje, wallahi ko sau ɗaya taya ba ta zo min a rai ba. Na ƙwalla ihu, "Sun zo! 'Yan bindiga!" na saki madubin da na yi duk wannan dominsa, na dira ƙasa na faɗa cikin dawa. Mata suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ina cikin gudu sai na ga wata ta wuce ni fuu, zani a tattare. Gwaggo Asabe ce. Ba sanda.

Na yi tuntuɓe na faɗa tsakanin kunyoyin gona, na kwanta rub da ciki a kan ƙarangiya. Na nemi addu'ar tsari na rasa, sai na tsinci bakina yana maimaita addu'ar cin abinci. Na lafe ina jira in ji takun ƙafa a kaina.

Abin da ya faru a bakin hanya daga baya aka ba ni labari, kuma shi ne har yau ya fi ba ni tsoro. Manoman da ke kusa sun ji ƙarar, sun ji ihuna, labari ya kai ƙauye. 'Yan sa-kai suka fito da bindigoginsu a ɗane, suka nufo motar. Yaya Lawal kaɗai ya rage a wurin, ya ɗaga hannu sama yana cewa taya ce, amma wa ya san shi? Allah ya sa wani dattijo, Baba Audu, yana gonarsa ya ga komai. Ya fito ya tsaya tsakaninsu da wana yana kaɗa malafa, yana cewa, "Ku sauke! Ku sauke, taya ce, kan idona ta fashe!" Ban san me zai faru ba da ba ya nan, kuma ba na son in sani.

Shi ne ya biyo takalmina da gyalena har ya same ni. Ya ce, "Tashi, 'yata. Ɓarawon naki shina can ƙarƙashin mota, baƙi ne, zagayayye, ya riga ya mutu."

Haka na fito, ƙafa ɗaya da takalmi, ankon biki ya cika da ƙarangiya, na tarar da rabin ƙauyen ango a tsaye. Wani cikin 'yan sa-kai ya tambaya wa ya fara ihu. Yatsu suka nuno ni. Ya ce to wa ya sa wa motar kaya irin wannan taya? Na sunkuyar da kai ina jiran sauran. Sai Yaya Lawal ya ce, "Motata ce, ni na ja ta." Ban gama jin daɗi ba Gwaggo ta fito daga dawa tana haki ta ce, "Ita ce dai, mai ihun!"

Na fashe da kuka. Uwar ango ta jawo ni jikinta tana cire min ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Yi shiru. Garin nan ba a yi wa wanda ya gudu dariya, duk mun gudu." Ta faɗi haka tana danne dariya har kafaɗunta na rawa, amma na gode mata har zuciya.

Mutanen nan ba su bar mu ba. Suka kawo amalanke da shanu suka kwashe buhuna, aka ɗaura safaya, mata suka ƙarasa a ƙafa, kafin la'asar komai ya shiga gida. Aka warware bargo, madubi lafiya lau, ko ɗigo bai tsage ba. Kuma ni ce mutum ta farko da ya nuna, da busasshen ganyen dawa a kaina.

Yanzu Yaya Lawal ya mayar da tayoyin kaya masu tauri. Duk ramin da muka faɗa haƙorana sai sun haɗu, ni kuwa sai in ce Alhamdulillahi. Gwaggo ta koma dogara sandarta, ba wanda ya isa ya tuna mata. Baba Audu kuma kullum yana cikin addu'ata. Idan wani mai taya ya sake tambaya ta me za mu ɗauka, ba zan lissafa masa gado da madubi ba. Zan ce masa, "Alhaji, ina da Gwaggo. Ba ni mai kaurin."