Ranar da Na Yi wa Kakan Bajamushe Kirari

Ko me zan manta a zamana na Doha, ban da daren walimar kamfaninmu a West Bay. Ni direba ne, kuma jikan maroƙa, don haka bakina ba ya iya ganin taro ya yi shiru.

Shugabanmu Bajamushe ne, bizata kuma a hannun kamfaninsa take. Wata rana a mota ya ambata cewa kakansa a yaƙin duniya na biyu ya mutu. Na ce a raina, ashe jinin mazaje nake tuƙawa! A gidanmu, in kana son faranta wa mutum, kakansa da ya faɗi a fagen fama za ka wasa.

Sai na shiga intanet na tono wata tsohuwar waƙar Jamusanci. Wayata ta fassara mini: jini, tuta, samarin da suka mutu suna murmushi don ƙasa ta rayu. Wallahi har tsigar jikina ta tashi. Na yi makonni ina haddarta a ɗakinmu na Al Thumama, har Awudu, abokin kwanana ɗan Zangon Kumasi, ya roƙe ni in bari tun bai fara mafarki da Jamusanci ba. (Waye ya rubuta ta, kuma don wa? Ban tambaya ba. Maroƙi da bincike?)

A walimar na karɓi makirufo na zuba ta tiryan-tiryan. Da na kai ƙarshe, sai na ɗaga hannun dama sama na yi jinjina, kamar yadda kakana yake yi.

Ba wanda ya tafa. Matar shugaban ta rufe baki da hannu. Wani injiniya ya raɗa mini cewa waƙar farfagandar 'yan Nazi ce, azzaluman da suka jefa Jamus cikin yaƙin, kuma hannun nan da na ɗaga ya fi waƙar muni, don irin gaisuwarsu ce. Na ajiye makirufo, na koma ɗaki na ba Awudu labari. Awudu ya ce, “Khalas, shi ke nan, ɗan'uwa, fara haɗa kaya.” Na tsorata ƙwarai, don mutum tara ke ci daga albashina a Gusau.

Washegari na buɗe wa shugaban ƙofar mota. Muka kama hanya, ina ta salati a zuci, ina jiran ya ce mu biya ofis in ajiye makulli. Da na kasa jurewa na ce, “Yallaɓai, girmama kakanka na yi niyya.”

“Na sani,” ya ce. “Irin waɗannan waƙoƙin aka sa kakana ya haddace a makaranta. Ya yarda da su, ya tafi yaƙi. Mahaifina bai taɓa ganin fuskarsa ba.”

Bai kore ni ba. Amma tun daga ranar, kafin in wasa mamaci sai na fara tambayar waɗanda ya bari ko suna son ji.