Lambar Doktor Sanda

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Dakoro ba, kuma ko na so in manta, abokan aikina ba za su bari ba. Satina biyar ke nan da fara aiki a wata farmasi kusa da tasha, aikin gwaji na wata uku. Ga sabuwar difilom, ga farar riga ta sha guga, ga kai ya kumbura (a lokacin gani nake ba don ni ba, da tramol ya gama da garin nan).

Mai farmasin, Madam Rakiya, doka ɗaya ta fi nanata mana. Duk ordonans, wato takardar likita, da ta zo da magani mai bugarwa irin tramol, ba a buɗe kabad sai an duba lambar rajistar likitan da ke jikin hatimi, an gan ta a cikin shuɗin kundin sunayen likitoci. In an yi shakka, a buga wa likitan waya. Ta ce duk wadda ta ba da maganin nan a kan takardar bogi, ranar za ta ajiye farar riga, haka ma wadda ta wulaƙanta mai saye. Ni rabin farko kawai na riƙe.

Ranar Madam ta fita wani taro, ta bar ni da Habsu abokiyar aikina. Da hantsi sai ga wani dattijo ya yi sallama. Rawani ya koɗe, takalmin roba irin na makiyaya, sanda a kafaɗa, kana ganinsa ka san daga kasuwar dabbobi yake. Ya miƙo takarda a ninke huɗu. Tramol na allura.

Na dubi takarda, na dubi takalmi, zuciyata ta ce yau kin yi kamu. Hatimin ya tsufa: Doktor Sanda, Birnin Lalle. Lambar rajistar kuma 'yar guntuwa, ba ta kai tsawon waɗanda na saba gani ba. Na buɗe kundi na bi sunayen likitocin asibiti da yatsa. Babu shi.

"Baba, wa ya rubuta maka wagga takarda?"

"Likita ne, ɗiyata. Maƙwabcina ne raƙumi ya kayar, ƙugu ya karye. Kwana biyu bai runtsa ba, kuma sai gobe mota za ta kai shi Maradi."

"Babu wani Doktor Sanda a ƙasar ga," na ce, na kuma ɗaga murya yadda mutanen da ke layi za su ji.

Daga nan na buɗe masa karatu. Na gaya masa yadda tramol ke jawo farfaɗiya, yadda yake lalata samari, na ce ku dattawa da ya kamata ku tsawata, ku ne kuma ke yawo da takardun ƙarya. Shi dai yana ta gyaɗa kai.

"Gaskiya ne," in ji shi. "To hanta fa, mi yake yi mata?"

Na zaci tsoro ne ya kama shi, sai na ƙara wuta, na ce ai cinye ta yake yi ƙurmus cikin wata guda (wannan ba a lekol, wato makaranta, na koya ba, nan take na ƙera shi). Habsu tana jan hannun rigata tana cewa in duba bayan kundin, na fizge.

"Yanzu zan buga lambar wayar da ke jikin hatimin ga a gaban kowa," na ce. "In ba a ɗauka ba, jandarma zan kira."

Na danna, na buɗe muryar wayar, na ɗaga ta sama. Sai muka ji wata ƙaramar waya tana ƙara a cikin ɗakin. Dattijon ya jingine sandarsa a jikin kanta, ya sa hannu a aljihu a natse, ya zaro wata tsohuwar salula da aka ɗaure da roba, ya kara a kunne yana kallona.

"Allo. Doktor Sanda ne. Wa ke magana?"

Muryar ta fito ta bakinsa, ta kuma fito ta hannuna. Mai hankali da kashe wayar zai yi. Ni kuwa sai na kara tawa a kunne na ce, "Ina kwana, Doktor."

Wata tsohuwa a layi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Habsu ta buɗe shafin ƙarshe na kundin ta turo mini: likitocin da suka ajiye aikin gwamnati amma rajistarsu tana nan. Ga sunansa, ga lambarsa daidai. Guntuwa ce don tun ba a haife ni ba ya karɓe ta. Ashe da ya yi retret, ya ajiye aiki, gida ya koma yana kiwo, yana duba maƙwabta in ta kama.

Na buɗe kabad na ɗauko maganin, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina cikin naɗe shi sai ga Madam. Tana ganinsa ta rusuna har ƙasa, ashe shi ya koya mata aiki tana ɗaliba. Kafin su gama gaisawa tsohuwar nan ta zayyane mata komai, har da gaisuwar waya. Madam ta juyo ta dube ni, na fara lalubar maɓallin farar rigata.

"Ki bar ta," in ji Doktor. "Shekara nawa ina rubuta takarda ba wanda ya duba lambar ga, sai ita. Aikinta ta yi. Batun hanta ne dai ta ƙara gishiri, sai ki sake koya mata."

Na saki maɓallin rigar, na miƙa masa ƙunshin. Ya karɓi maganin, ya hau kabu-kabu ya tafi. Daga baya muka ji maƙwabcin ya samu barci, an kuma kai shi Maradi lafiya. Madam ba ta kore ni ba, amma ta sa na karanta shuɗin kundin nan tun daga bango har bango, a tsaye.

Shekarata huɗu a wurin yanzu, kuma har gobe sunana Allo. Lamba dai ina nan ina dubawa, ko ta wane ne, sai dai yanzu nakan kai shafin ƙarshe kafin in buɗe baki, kuma na daina tambayar takalmi labarin mai shi. In kuwa ta kama sai na buga wa likita waya, ɗakin baya nake shiga, in rufe ƙofa, in kasa kunne ko aljihun wani zai amsa.