Yadda Za Ka Ci Tallafin Yara Ba Tare Da Ka Share Majinar Ɗan Kowa Ba

Matso kusa, ɗan'uwa, ka rage murya. Ka ji a rediyo cewa gwamnati ta ware tallafi domin cibiyoyin kula da yara da matan da aka ci zarafinsu? In ba ka ji ba, to yanzu ka ji. Ni ne gwanin wannan fanni, kuma na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari: bi matakan nan daki-daki, tallafi zai zo har ƙofar gidanka yana sallama. Ban taɓa koyar da mutum ya faɗi ba sai guda ɗaya, wani Mai Hoto da wayar hannu ta kashe wa sana'a. Shi ma laifinsa ne. Da labarinsa zan riƙa yi maka misali, don ka ga inda ake zamewa.

Mataki na 1: Ka san abin da kake nema

Kada ka shigo harkar nan da tausayi. Tausayi ciwo ne, kuma ana ɗaukarsa a wurin yara kamar mura. Sa wani abu mai tayoyi a ranka, ka riƙe shi gam.

Mai Hoto ya fara da kyau. Akwai wata 'yar jar mota a garejin bakin titi, an tokare ta da dutse, ita ya ƙwallafa wa rai. Kullum da safe sai ya je ya shafa bayanta yana murmushi.

"Oga, ka bar shafa ta haka, fentin zai goge," in ji makaniken.

"Ƙyale ni. Tawa ce, ita ce dai ba ta sani ba tukuna."

Ka ji mutum mai manufa.

Mataki na 2: Ka raɗa suna, ka kafa allo

Sunan cibiya ya zama dogo, yadda mai karantawa zai gaji kafin ya fara zargi. Mai Hoto ya sa wa tasa Cibiyar Share Hawaye da Renon Manyan Gobe da Sauransu. Kada ka raina "da sauransu" ɗin nan. Duk tallafin da za a ƙirƙiro nan gaba, yana cikinta.

Sai muƙami. Ka naɗa kanka Darakta, babu wanda zai hana ka. Ka naɗa matarka Shugabar Sashen Walwala, amma ba dole ne ka sanar da ita ba. Matar Mai Hoto, Maman Biyu, a bakin mai kayan miya ta fara jin cewa an yi mata ƙarin girma.

Daga nan ka sa a rubuta allo da manyan haruffa, ka kafa shi saman ƙofar gida inda kowa zai gani. Ka riƙe maganar allon nan a ranka, za mu dawo mata da kuka.

Mataki na 3: Ka mayar da gidanka cibiya

Gwamnati ba ta bayar da komai sai ta turo wanda zai duba wurin da idonsa. Saboda haka falonka ya zama aji. Darakta, don yanzu haka za mu riƙa kiransa, ya ɗauko tsohon labulen shagonsa na ɗaukar hoto, mai zanen dogayen benaye da jirgin sama, ya rufe bangon da ya tsage. Ɗakin ajiya kuwa ya kwashe buhun gawayi da matacciyar fanka da keken da ba shi da sarƙa, ya shimfiɗa katifa, ya manna takarda a ƙofa: Ɗakin Mafaka.

Maman Biyu ta tsaya a bakin falo, hannu a ƙugu, tana kallon kujerunta da ko ledarsu ba ta yarda a cire ba tun ranar da aka kawo su.

"Baban Biyu, wa zai zauna a kan waɗannan?"

"Manyan gobe."

"To manyan gobe su bari sai goben. Wallahi duk wanda ya yi min fitsari a kai, kai za ka kwana a Ɗakin Mafaka."

Kada irin wannan ta karya maka gwiwa. Ka yi mata alkawarin gidan gaba a mota.

Mataki na 4: Ka aro yara

Cibiyar yara ba ta yiwuwa sai da yara, wannan ita ce babbar matsalar tsarin. Amma layinku cike yake da su. Ka zaga gidajen maƙwabta ka ce za a yi musu hoto kyauta, a ba su biskit. Babu uwar da za ta ƙi a ɗauke mata ɗa na rabin yini. Wata ma za ta tambaye ka ko kana son ƙari.

Wajen zaɓe ka lura. Kada ka ɗauki mai kumatu. Kada ka ɗauki mai yawan tambaya. Mai faɗin gaskiya kuwa, ko kyauta aka haɗa maka da shi, ka mayar.

Sannan ka horar da su. Darakta ya jera su a tsakar gida yana tambaya, "Wa yake ba ku abinci?" su ce, "Darakta!" "Wa yake kula da ku?" "Darakta!" Ya yi ta maimaitawa har ta kai duk tambayar da ta fara da "wa", amsarta ɗaya ce. Maman Biyu ta leƙo daga kicin ta ce, "Wa ya zubar min da omo?" Gidan ya ɗauka gaba ɗaya: "Darakta!"

Mataki na 5: Ka tanadi wadda aka zalunta

Rabin tallafin na matan da aka ci zarafinsu ne, kuma ɗaki ba kowa ba ya burge mai dubawa. Nemo wadda ta iya kuka, ku shirya.

Ƙanwar Maman Biyu ta ce tana da ƙawa mai wasan kwaikwayo, wadda in ta fara kuka har maƙwabta sai sun shigo ba da haƙuri. Aka yi magana ta waya, aka gama. Ga shawarar gwani, rubuta ta a tafin hannunka: ka ga fuskar matar kafin ranar. Darakta bai gani ba. Ya ce ai kuka duk iri ɗaya ne.

Mataki na 6: Ranar dubawa, kada ka yabi kowa

Wadda aka turo wata jami'a ce mai tabarau, irin mutanen nan da ba sa dariya sai an ba su izini a rubuce. Ta shiga falo, yara suka miƙe suka gaishe ta. Ta tambayi wa ke saya musu sabulu, suka ba ta amsa har labule ya motsa. Darakta baki har kunne, a ransa ya riga ya sa wa jar motar nan giya ta biyu.

Sai ga murya ta saman katanga: "Auta! Kai Auta! In an gama hoton ka zo ka sayo min gishiri!"

Wani yaro ya miƙe. Darakta ya danne masa kafaɗa. "Mai dafa mana abinci ce, ranki ya daɗe. Ta ɗauke su kamar 'ya'yanta."

Mai Tabarau ta dube shi ta saman gilashi. Ta ce a kai ta Ɗakin Mafaka. Gumi ya karyo masa, don har lokacin mai kuka ba ta iso ba.

Ana cikin haka aka yi sallama a hankali. Wata mata ce a bakin ƙofa, da goyo a baya da ƙullin kaya a leda, takalminta ƙafa ɗaya ya tsinke. Idonta na hagu ya kumbura ya rufe. Darakta ya ji sanyi har cikin ransa. Ya tare ta da sauri, ya raɗa mata: "Kin makara, amma kai, kin iya aiki! Wannan idon da me kika yi shi? Har da jariri kika aro?"

Matar ta dube shi da idon da ya rage. Ta ce, "Allon na gani. An rubuta ana karɓar mutum."

Maman Biyu ce ta fara ganewa. Ta ture mijinta gefe kamar labule, ta kwance goyon, ta riƙe matar ta zaunar da ita, ba a ko'ina ba sai a kan kujera mai leda. "Zauna, 'yar'uwa. Kin iso." Ta juyo ta watsa wa Darakta wani kallo da ya sa ya ji kunya tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Bai taɓa jin ya tsani bakinsa kamar ranar ba.

Can sai ga ta gaskiyar, wato ta ƙaryar, ta shigo da gawayi a ido tana rusa ihu tun daga waje. Maman Biyu ta tare ta a tsakar gida, ta miƙa mata soso. "Ga kwanuka can. Yi kukan a kansu."

Mai Tabarau ta daɗe a Ɗakin Mafaka tare da baƙuwar, ƙofa a rufe. Da ta fito ta ce, "Darakta, zan riƙa zuwa duba ta. Ba zan riƙa sanarwa ba."

Mataki na 7: In an buga ƙofa da ƙarfi, bi ta baya

Wannan mataki ba ya bukatar ilimi, ƙafa kawai yake bukata. Bayan tafiyar jami'a, yara na cikin cin biskit, aka fara dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Mijin matar ne, ƙato, wuyansa ya kai cinyar Darakta.

"An ce matata tana nan. Fito min da ita!"

Duba damar da ta samu. An gama dubawa. Da ya matsa gefe kaɗan, da matsala ta fita da ƙafarta, ya ce wa jami'a ai matar ta koma gida don kanta. Ya san haka sarai. Ya kuma ji yadda kukan jaririn ya ɗauke ɗif a cikin ɗaki, alamar an toshe masa baki da nono don kada a ji. Amma ƙafarsa ta ƙi matsawa daga bakin ƙofa. Ya rantse min daga baya cewa tsoro ne ya kafe shi. Ni dai ban yarda ba, na fi zargin ciwon nan da na gargaɗe ka a kansa tun farko.

"Nan… nan cibiya ce," ya ce da wata siririyar murya. "Ba a shiga."

Ƙaton ya daka tsawa: "Wa zai hana ni?"

Falo ya amsa da murya ɗaya, har da masu biskit a baki: "Darakta!"

Ihun ya fito da iyayen yaran daga gidajensu, kowace a zatonta ɗanta aka taɓa. Mai ludayi, mai tsintsiya, maman Auta da bokitin ruwan wanki. Ƙaton ya waiga ya ga layi ya cika da mata, ya tuna yana da wani uzuri a wani wuri. Darakta ya tsaya ƙyam har mutumin ya sha kwana, sannan ya zauna a ƙasa ya nemi ruwa.

Mataki na 8: Ka cire allon

Ga inda na ce za mu dawo. Da zarar mai dubawa ta juya baya, ɗauko tsani ka sauke allon nan. Mutane suna da wata muguwar ɗabi'a, in suka ga an rubuta abu sai su ɗauka da gaske ake.

Tallafi ya fito, ban yi maka ƙarya ba. Sai dai a bayan babbar mota ya zo: katifu, madarar yara, ƙananan kujeru masu launi, da fo na roba har ya fi ƙarfin banɗaki. Ɗan abin da ya zo a kuɗi, Maman Biyu ce ke sa hannu, don ashe muƙamin da aka ba ta ba da saninta ba yana aiki. Iyayen layi kuma sun gano wurin ajiye yara, kullum da safe sai su turo su da wanka da kwalliya. Ba ya iya korar ko ɗaya, don Mai Tabarau tana faɗowa ba sallama. Ledar kujeru ta yage tuntuni. Baƙuwar nan idonta ya buɗe, ita ke dafa wa yaran abinci yanzu, kuma wata ta sake zuwa bayanta, ita ma allon ta gani.

Jar mota fa? An sayar wa wani. Ta wuce ta gabansa rannan yana tsaye a ƙofa da jaririn nan a kafaɗa yana jijjiga shi. Ya bi ta da ido har ta ɓace, ya ce ai dama tana shan mai.

Na je da kaina na ce, "Kai, ka sauke allon nan tun kafin gidan ya fi ƙarfinka." Ya ce gaskiya ne. Ya ɗauko tsani ya hau, ni ina riƙe masa. Ya daɗe a sama yana kallon rubutun. Sai ya leƙo ya ce, "Miƙo min guduma, Malam. Ƙusar gefen nan ta yi sako-sako, kada iska ta yar da shi wata ta zo ta wuce ba ta gani ba."

Ni kuma, don ban san me ya same ni ba, na miƙa masa.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In an kama ka, ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba, sunanka ma bai yi min kama da na mutum ba. In kujerun matarka sun lalace, tsakaninku ne. In kuma ka bar allo a sama har wata ta ƙwanƙwasa ƙofarka da goyo a baya, ka tsinci kanka kana aikin da ka yi ƙaryar kana yi, kada ka zo min da ƙorafi. In ma ƙorafin ya zama dole, kada ka zo ranar Laraba. Ranar nake taya Darakta wanke fo.