Rasuwar Ma'aunin Zafin Ɗakin Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba hawaye, autar gidan nan ke sanar da dangi rasuwar ma'aunin zafinta, ranar Laraba da tsakar rana, wata huɗu da zuwansa ƙasar nan.

Marigayin ya iso a akwatinta tare da takardar gama karatu, rigunan sanyi biyu da ba su ƙara amfani ba, da maganin hawan jinin Inna. Bai fi tafin hannu ba. Ta rataye shi a ƙusa a ɗakin baya, inda Yaya ya mayar da Inna tun da ya ga man shafawar da yake sayarwa yana narkewa a kwali. Kwalaye suka samu ɗakin gaba mai na'urar sanyi. Inna ta samu kwano ba silin, da taga guda mai kallon katanga.

An shaidi marigayin da gaskiya. Bai taɓa rage lamba don ran wani ya yi daɗi ba. Ba ya magana sai zafi ya kai arba'in, sannan ya ce ƙit-ƙit, ƙit-ƙit, har a danna shi.

A inda auta ta yi karatu an koya mata cewa ba kowane zafi ake kira matsananci ba. Sai ya zarce abin da gari ya saba, ya jera kwana uku ko fiye, dare ma bai huce ba. Marigayin ya jera kwana tara yana kuka. A kwanakin nan ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa, ruwan famfo sai an ajiye ya huce kafin a yi wanka, katifa kamar yanzu aka sauke ta daga wuta. Rana ta shida Inna ta daina gumi, ta kira auta da sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni. Da aka tambaye ta jiki, ta ce ba komai, ta saba.

Yaya ya riƙe wannan kalma gam. Ya ce tun ba a haifi masu digiri ba ake zafi a garin nan, kuma ba abin da ke hana Inna sakat sai kukan wannan abu.

"Ke da kika manta rana, ke za ki koya mana ita?"

"To Yaya, mayar da kwalayenka can, su ma su saba."

Washegari, auta ta fita sayo wa Inna magani, Yaya ya cire marigayin ya ɗora a kan motarsa a tsakar gida, wai tunda zafi yake so, ya ci ya ƙoshi. Marigayin ya daɗe yana ƙit-ƙit. Matar Yaya ta ji daga kicin, ta ƙara muryar rediyo. Kafin auta ta dawo fuskar marigayin ta yi baƙi ƙirin.

Ya rasu ya bar ƙusa ɗaya, batir biyu da sauran ransu, da tsohuwa 'yar shekara saba'in da huɗu wadda yanzu ba mai yin ƙara a madadinta. Ya kuma bar kwali sittin cikin ƙoshin lafiya.

An binne shi jiya a kwalin sama, tsakanin kwalaben man shafawar Yaya, inda ya samu sanyin da bai samu ba yana raye. Ba zaman makoki. Mai son ta'aziyya ya samu Yaya a ɗakin gaba, wurin da daɗin zama.

Kada a nemi Inna. Yau da safe auta ta sa ta a tasi da jakarta da magungunanta, zuwa ɗakin da ta kama mai silin da taga biyu. A bakin ƙofa Inna ta tsaya tana tambaya ko an gaya wa Yaya, kada ya ji ba daɗi. Auta ta ja ƙofar ta rufe.

"Zai karanta a sanarwar rasuwa, Inna. Kin gama kwana a gidan nan."