Ranar da Na Je Gwanjon Iska da A-kori-kura

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki hayar a-kori-kura na tafi sayen abin da ido ba ya gani.

Lokacin harkar wayar salula ta buɗe, kowa a Abuja na neman inda zai tsoma hannu. Ni kuwa shago gare ni a Utako, sana'ata kayan gwanjo: in wata ma'aikata ta gaji da kujerunta ko fankokinta, in je in taya, in gyara, in sayar. Ina kuma neman auren Rukayya, 'yar wani babban injiniya a wata hukumar gwamnati. Mutum ne marar yawan magana, kuma na san bai gama yarda da ni ba.

Wata Asabar na je gaishe shi, na durƙusa na tambayi aiki. Ya ce, "Aiki da godiya. Shirin gwanjo muke ta yi, na ƙananan layukan waya masu ƙaramin ƙarfi."

Kunnena gwanjo da waya kawai ya kama. Na ce, "Ai Baba, harkata ce wannan."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Kai ma kana ciki?"

"Na daɗe a ciki, Baba." (Ni a raina tsofaffin wayoyi nake hange, kwali-kwali.)

"To madalla. Ran Talata akwai taron bayani a Garki, ka zo."

Talata na sa shaddata mafi kyau, na kira Bitrus, direban da ke yi mini jigilar kaya, na ce ya jira ni a bakin ƙofa. Na zaci fili zan tarar da tulin kaya. Sai ga ni a ɗakin taro na otal, sanyi kamar firji, mutane cikin kwat kowa da kwamfutarsa, Baba kuma yana can kan babban teburi.

Wata mata ta tashi tana bayani, tana nuna wasu zane-zane masu launi a allo. Ta ce za a yanka wani abu wai shi zango kashi-kashi a bai wa wanda ya fi tayi, don masana'anta a Idu ko wani asibiti su kafa ɗan layinsu wanda ƙarfinsa ba zai wuce katangarsu ba. Na ce a raina, wato wayoyin sun yi rauni, shi ya sa za a rabu da su. Na yi ta gyaɗa kai. Na kusa da ni ya raɗa mini, "Wane zango kamfaninku ke nema?" Na ce, "Duk wanda ya fi lafiya."

Da aka zo tambayoyi na ga Baba ya waiwayo wajena. Na ga in na yi shiru na ba shi kunya, sai na karɓi makirfo.

"Ranku ya daɗe, za a bari mu ga kayan kafin mu taya? Kuma a ciki wanne ke aiki, wanne ya mutu?"

Matar ta ce, "Malam, wane kaya?"

Kafin in amsa, ƙofa ta buɗe, Bitrus ya leƙo. "Oga, masu gadi sun ce in cire mota. Wane gefe za mu yi lodi?"

Wani ya fashe da dariya a baya, sauran suka ɗauka. Baba bai yi dariya ba. Ya jawo makirfonsa a hankali ya ce, "Ɗana, kayan suna nan cikin ɗakin tare da mu. Izini ake sayarwa, na aika magana ta iska. Ka sallami direban."

Na ajiye makirfo na fice waje. A mota Bitrus ya ce, "Oga, an riga mu ne?" Na ce eh.

Na daina zuwa gidan, na ma fara haƙura da Rukayya. Ita ta kira ni, tana dariya har da tari, ta ce Baba ya ce in turo magabatana, wai duk ɗakin nan ni kaɗai na nemi ganin abu kafin in saya. An yi auren. Har yau in na je gaisuwa ƙannenta kan tambaye ni ko da mota na zo.

Abin da na koya: in ban gane magana ba, in yi tambaya tun a inda mutum ɗaya ne zai yi mini dariya.