Rasuwar Kwamfutar da Wayarta Ta Ratsa Bango

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya riga ya lafa ya zauna wuri ɗaya, Auta da iyalinsa suna sanar da dangi, maƙwabta da duk wanda ya taɓa jin gurnaninta ta taga, rasuwar tsohuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Goggo. Ta cika ranar Asabar da yamma bayan doguwar jinya, a kan teburin da take zaune tun zuwanta gidan. Auta na gabanta da sukudireba a hannu, kuma ya jima kafin ya ajiye.

Marigayiyar ta shigo gidan ne tare da 'yar'uwarta, lokacin da wani ofis ya sauya kayan aiki ya sallami tsofaffin. Yaya, babban wan Auta, ya ɗauki ɗaya, Auta ya ɗauki ɗaya. Dukansu samari ne a lokacin, bango ɗaya ya raba ɗakunansu. Su biyun suka huda shi da ƙusa da guduma, suka zura waya mai ruwan toka, suka haɗa injinan don su riƙa buga wasan tankokin yaƙi da juna. Mahaifiyarsu ta ga ramin ta ce, "Gidan za ku rushe min saboda wasan yara?" Ba su rushe ba. Sun yi aure, sun hayayyafa, furfura ta fito, kowa na ɓangarensa, wayar na nan inda aka zura ta.

Waɗanda suka san Goggo sun shaide ta da haƙuri. Ba ta da sauri, ba ta kuma taɓa yin da'awar sauri ba. Idan aka kunna ta, takan ce "bip" sau ɗaya, sannan "kurrr, tak, tak", mutum ya je ya dafa shayi ya dawo ya same ta tana kintsawa. Ba ta san intanet ba, ba ta nemi sani ba. Duniyarta kaf inji ɗaya ne a bayan bango, kuma ta riƙe shi da amana.

Dole sanarwar ta faɗi babban aikin da ta yi. Shekarun baya, Auta ya sare bishiyar lemun tsamin da mahaifinsu ya dasa a tsakar gida, saboda jijiyoyinta na fasa masa daɓe, kuma bai shawarci wansa ba. Yaya ya dawo daga aiki, ya dubi kututturen, ya shige ɗaki. Tun ranar babu abin da ke haɗa su sai sallama da amsa ta. Dangi sun zo sulhu sun gaji sun tafi. Saƙon gida kuwa matansu ke kaiwa su kawo. Amma Asabar ɗin da ta biyo bayan saran, Auta ya kunna Goggo don sabo kawai, sai ya tarar da koren tankin Yaya tsaye a fili yana jira. Aka buga. Haka aka ci gaba kowace Asabar bayan la'asar. Wasan na da gurbin rubuta saƙo a ƙasan allo, babu wanda ya taɓa sa harafi a ciki. Daga tafiyar tankin Auta yake sanin lafiyar wansa. Makon da tankin ya yi ta karo da duwatsu, ya tura matarsa ta leƙa, aka tarar hawan jinin Yaya ne ya tashi.

Ciwon ajalin Goggo ya fara da mantuwa. Ɗan batirin cikinta mai kamar maɓallin riga ya ƙare, ta riƙa farkawa tana cewa shekarar da aka ƙera ta ake ciki. An sauya batirin, amma ta riga ta manta lambobin da ta raba wa sassan jikinta, katin sauti da katin sadarwa suka faɗa kan lamba ɗaya. In sauti ya fito, waya ta mutu. In waya ta kama, sauti ya ɗauke. Auta ya zare katin sautin ya naɗe a tsohuwar jarida. Daga nan duk lokacin da aka tarwatsa tankinsa, ta bango yake jin ƙarar, daga lasifikar Yaya.

Bayan wannan sai direban katin sadarwar ya lalace, wato 'yar manhajar da ke koya wa inji yadda zai yi magana da katin. Kwafinsa na asali yana kan fulofi, faifan ajiya irin na da, a aljihun tebur, an ciro shi ya yi fumfuna. Kamfanin da ya ƙera katin ya daɗe da rufewa. Aka kira Injiniya, mai shagon gyara a bakin titi. Ya buɗe ta, ya hura ƙura, ya ce, "Auta, agogon hannuna ya fi wannan baiwar Allah ƙwaƙwalwa. Ka bar ta ta huta mana." Duk da haka ya ja kujera ya zauna. Ya samo direban wani kati mai kama da nata, allo ya yi shuɗi ya daskare. Ya kawo sabon kati, bai shiga raminta ba. Wasan kuma ba ya jin yaren sababbin injina, balle a mayar da shi kan wata.

Injiniyan ne ya ce ba a gane ciwon waya daga gefe ɗaya, sai wani ya tsaya a can ya dubi 'yar koriyar fitilar da ke bayan injin Yaya. Matar Auta ta kai saƙon. Matar Yaya ta ce, "Ni ina na san fitila ina na san fanka? Su da suka huda bangon su yi magana ta ramin, ni tukunya ce da ni a wuta."

Auta ya durƙusa ya kai bakinsa kusa da ramin.

"Yaya, ta kama?"

Muryar Yaya ta fito. "Ba ta kama ba."

Makonnin jinya haka suka tafi. Auta ya sauya lamba, ya kashe, ya kunna, ya durƙusa.

"Yanzu fa?"

"Tana ƙyaftawa. A'a, ta mutu. Kai ma ka matsa kan wayar da kyau, kullum aikinka rabi da rabi ne."

Auta ya matsa kan wayar, ko da yake a matse take.

Ranar ƙarshe ya sa mata direba na wani kamfani da Injiniya ya ce ko ya yi ko ya ƙi. Ta ce "biiip" har sau uku, abin da ba ta taɓa yi ba. Wari irin na ƙonanniyar roba ya tashi, fankarta ta yi juyi kaɗan ta tsaya. Wannan karon Yaya ne ya fara tambaya ta ramin.

"Ta kama?"

"Ta tafi, Yaya."

Auta ya ji an ja kujera a can, an rufe ƙofa. Tun ranar babu muryar da ta sake bi ta ramin, don babu sauran abin tambaya.

Marigayiyar ta bar allo mai ƙaton ƙeya, wanda har yanzu yake kamawa ya nuna baƙi. Ta bar madannai da haruffa huɗu suka goge saboda tuƙin tanki, da linzamin kwamfuta mai ƙwallo a ciki, da katin sauti a jarida. Ta bar 'yar'uwarta a bayan bango cikin ƙoshin lafiya, wadda matar Yaya ta ce an kunna ta jiya, ta yi ta neman abokin wasa har aka kashe ta. Ta kuma bar dattawa biyu.

Ana karɓar ta'aziyya a ɓangaren Auta. Iyalan na roƙon masu zuwa kada su kawo shawarar sayen sabuwa, kada kuma su tambayi Auta abin da zai riƙa yi da yammacin Asabar. Bai sani ba.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar zuwa shagon Injiniya, inda za a cire sassan da ke da sauran amfani a ba masu irin jinyarta. Akwatinta na ƙarfe ne mai nauyi, Auta kuma na fama da baya, don haka Injiniya ya ce zai aiko da baro. An fasa wannan. Matar Yaya ta shigo da safiyar yau ta ce Yaya ya ce ba za a tura ta a baro kamar shara ba. Shi ne babba, shi zai kama gaba, Auta ya kama baya.

"Kuma ya ce kada ka cika shi da surutu a hanya."

Auta ya ce to.

Shagon yana da ɗan nisa, kuma akwai hawa kafin a kai. Masu rakiya su yi haƙuri su ba da rata, domin masu ɗauka za su buƙaci tsayawa su huta.