Jar Motar Ilu a Ruwan Indénié

Ba zan taɓa mantawa da inda nake tsaye ba lokacin da labarin ya iso ni. Ina ƙofar shagona a unguwar Adjamé, cikin Abidjan, ina duba kwalayen fitilun da aka kawo mini daga tashar jirgin ruwa, sai waya ta yi ƙara. Hajara ce, matar abokina Ilu. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya, abokinka ya cika, yanzu bayan azahar."

Na yi innalillahi, na zauna a kan kwali. Ilu ya jima yana fama da ciwon ƙoda, don haka ba zan ce ban taɓa tsammani ba. Amma abin da ya fara faɗo mini a rai ya ba ni kunya. Ba fuskarsa na gani ba, ba gadon asibiti ba. Wata jar mota na gani tsaye cikin ruwa, da tsoho a ciki ya ɗora kwandon goro a ka. Hawaye na zuba, dariya kuma na neman kuɓuce mini. Maƙwabcina, wani Bajule mai sayar da tukwane, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yako, koro." (A garin nan haka ake ce wa duk wanda abu ya sama, ko tuntuɓe ne ko mutuwa.)

Bari in koma baya, don a san motar.

Na zo Abidjan daga Kano a farkon shekarun casa'in, ban san ko gaisuwar Faransanci ba. Ilu ne ya riƙe hannuna. Shi a nan aka haife shi, iyayensa Damagarawa ne da suka daɗe a unguwar Saint-Michel, kuma Faransancinsa ya fi Hausarsa gudu. Bakano da Badamagare, kun san ba a raba su da tsiya. Yana ce mini baƙauye, ina ce masa ɗan Faransa, a haka muka zama kamar ciki ɗaya.

Wata shekara ya sayi mota a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Motar tsere ce, tsohuwa, ta haura shekara ashirin. Ja ce, mai dogon hanci, ƙofa biyu, kujera biyu, ta kwanta ƙasa kamar ƙadangare. Ina wurin lokacin da Baturen yake lissafa halayenta, Ilu yana fassara mini: ƙarfin doki ɗari da sittin, daga tsaye zuwa gudun ɗari cikin daƙiƙa takwas, in kuma ta sami miƙaƙƙiyar hanya sai ta kai ɗari biyu da ashirin. Baturen ya buga bonet da tafin hannu ya ce dorijin ce, wato yadda kamfani ya ƙera ta haka take, ba bakaniken da ya taɓa cikinta.

Ilu ya fassara ya manta. Ni kuwa na haddace kamar karatun allo.

Duk majalisar shayin da na zauna, daga Adjamé har Treichville, sai na biya wa mutane. Ni da ko keke ban mallaka ba, lasisina ma bai yi shekara ba. Mai motar kuwa tuƙa ta yake kamar wanda ya ɗauko ƙwai a tire, ban taɓa ganin allurar ta wuce sittin ba. In na dame shi sai ya ce, "Kai baƙauye, wannan lissafin na lokacin da take budurwa ne. Yanzu ta yi jika."

Sai maganar aurensa da Hajara ta taso. Gidansu yana unguwar Biafra, cikin Treichville, irin gidan nan mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye. Mahaifinta mutum ne mai tsanani, kuma tun farko bai natsu da Ilu ba, saboda motar. An ji shi yana cewa, "Saurayin da ya sayi motar da ba ta da wurin zaman iyali, me ya sani game da riƙon gida?" Da ƙyar ya amince. Ya sa ranar Alhamis bayan la'asar, kamar yadda ake yi a nan, ya kuma ce shi ba ya ɗaura aure bayan magariba. In rana ta faɗi ba a ga wakilin ango ba, a naɗe tabarmi. Kowa ya san in aka naɗe su ba lallai a sake shimfiɗawa ba.

Wakilin Ilu shi ne yayan mahaifinsa, muna ce masa Baba Alhaji, dattijo mai jiki, ɗan goro tun yana saurayi. Ango ba ya zuwa wurin, yana gida da abokai. Ni ne babban aboki, don haka ni aka ɗora wa kai Baba Alhaji da goron ɗaurin aure.

Ilu ya ce in tari taksi. Na ce haba, a ranar aurenka? Na ce gara surukai su ga motar da dattijo a ciki, su san ba ta 'yan iska ba ce. (Abin da ban gaya masa ba shi ne, tun ranar Laraba na je Biafra na ce wa 'yan'uwan amarya su kasa kunne, za su ji ƙararmu tun daga kan gadar shiga Treichville. Har sanƙira na tsara wa lissafin.) Na yi ta naci har ya gaji, ya miƙo mini makulli.

Ya ce, "To. Amma dubi sama, hadari ya haɗo. Ka bi ta cikin Plateau. Kar ka bi Indénié."

Na ce na ji.

Shigar da Baba Alhaji cikin motar ma aiki ne. Sai da muka tattare babbar rigarsa, fara tas mai aiki, muka cusa ta ta gefe. Gwiwoyinsa suka kai ƙirji, rawaninsa ya tokare rufi, aka ɗora masa kwandon goro a cinya. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Kano, wannan mota ce ko makara?"

Muna fita ruwa ya sauko, irin na watan Yuni wanda ba ya sallama. Ni kuma na fara karatuna. Na ce Baba, wannan da kake gani ƙarfin doki ɗari da sittin gare ta.

Ya ce, "Ikon Allah. Me suke ci?"

Na ce ai cikin daƙiƙa takwas take kai ɗari.

Ya ce, "Ni jaki ɗaya ya kai ni Agadas ya dawo da ni. Kai dai ka kai ni da raina."

Ga inda na yi wautar. Hanyar Plateau duk danja ce da cunkoso, ba inda za ka taka mota. Amma in ka wuce mahaɗar Indénié, akwai titin nan na bakin lagun, wato babban ruwan da ya ratsa garin, miƙaƙƙe, mai faɗi, har ya kai ka gada. Shekara guda ina mafarkin wannan titin. Na ce a raina yau ga makulli a hannuna, ga uzurin sauri, in ban ga allurar nan ta tashi yau ba sai yaushe? Na karya kan mota zuwa Indénié.

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Abidjan ya san Indénié kwari ne. Ruwan Adjamé gaba ɗaya, da ledojinsa da ɓawon ayabarsa, nan yake taruwa. Da muka iso, mahaɗar ta zama tafki ja. Manyan motoci ne kawai ke ratsawa a hankali, ƙananan duk sun ja gefe. Wani direban taksi ya leƙo yana kaɗa mini hannu, yana ihu, "Patron, faut pas!", wato maigida, kar ka shiga. Baba Alhaji ma ya ce, "Yaro, mu juya."

Sai na yi wani lissafi wanda har yau in na tuna nake rufe ido. Na ce waɗannan sun tsaya ne don motocinsu ba su da ƙarfi. Tamu in ta shiga da gudu za ta tsaga ruwan kafin ya ankara. Na ja baya kaɗan, na taka totur har ƙasa.

Gaskiya ta yi ƙara mai daɗi. Na saci kallon allura, ta kai arba'in. Daga nan ruwa ya hau kan dogon hancin nan ya rufe gilashi, injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Muka tsaya cak a tsakiyar tafkin. Na murɗa makulli, ko ƙyas. Sai na ji sanyi a ƙafata, sannan a cinyata. Na juya, na ga Baba Alhaji ya ɗaga kwandon goro ya matse shi tsakanin kansa da rufin mota, ruwa ya kai masa ƙugu, bakinsa yana motsi da addu'a. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Masu tura wotoro, wato amalanken dako, su suka cece mu. Suka shigo ruwan suna dariya suna "Yako, vieux, yako!", suka zaro Baba Alhaji kamar ana zare ƙusa, suka ɗora shi a kan amalanke da kwandonsa a ka, suka tura shi zuwa tudu. Mutanen da suka fake a ƙarƙashin rumfuna har da tafi. Ni na biyo baya a ƙafa, takalmina ɗaya ya tafi lagun.

Ba taksin da ya yarda ya ɗauke mu a jiƙe. La'asar ta yi nisa. A ƙarshe wata tsohuwar akori-kura mai kai gawayi kasuwar Treichville ta tsaya. Gaba a cike yake, sai muka hau baya kan buhuna. To a haka na bi titin bakin lagun da na yi shekara ina mafarki: a kan buhun gawayi, ruwa na dukana, baƙin ruwa na bin farar rigar dattijo, motar tana tafiya kamar mai ciwon baya. Har mai keke ya wuce mu.

Mun isa Biafra rana ta yi ja. An tare layin da rumfar tamfol da kujeru kamar yadda aka saba, amma na hango an fara tattara na baya. Samari sun yi cirko-cirko a bakin layi suna jiran jar mota. Akori-kura ta tsaya a gabansu, na diro da takalmi ɗaya, baƙi ƙirin. Sanƙiran nan da na tsara wa lissafi ya dube ni sama da ƙasa. Allah ya isa tsakanina da shi, bai fasa ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a a ba da hanya! Ga mai doki ɗari da sittin ya iso!"

Na so ƙasa ta tsage.

Baba Alhaji bai nemi canza riga ba. Ya wuce kai tsaye ya zauna gaban mahaifin Hajara, ya ajiye kwandon, ya buɗe ganyen. Goron nan ko ɗigo bai taɓa shi ba. Mahaifin Hajara, fuska a ɗaure, ya ce, "Alhaji, lafiya? Har na ce a naɗe tabarmi."

Baba Alhaji ya ce, "Lafiya lau. Dawakan ɗan Kano ne suka tsaya shan ruwa a Indénié."

Sai wurin ya fashe da dariya. Shi kansa mahaifin Hajara sai da ya kare baki da hannun riga. Ya tambaya, "Motar fa?" Aka ce tana cikin ruwa. Ya ce, "Madalla. Yanzu ya zama magidanci." Aka nema, aka bayar, aka shafa fatiha, ladan yana gyaran murya.

Komawa Saint-Michel ta fi mini komai nauyi. Na tarar da Ilu a ƙofar gida, ya kasa zama. Ya dubi kayana, ya ce, "An ɗaura?" Na ce an ɗaura. Ya sauke numfashi. Sannan ya ce, "Indénié?" Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, yana nuna ƙafata marar takalmi. Abin da kawai ya tambaya shi ne, "To nawa ta kai?" Na ce arba'in. Ya ce, "Ka ga, ni na fi ka gudu."

Injin ya sha ruwa ya lalace. Kayan irin wannan motar ba a samunsu a nan, sai an yi saƙo. Ilu ya yi shekaru yana tara su ɗaya-ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa yi mini gori ba. Sunan Mai Dawaki dai ya bi ni, har 'ya'yansa Baba Mai Dawaki suke ce mini. Ni kuma daga ranar ban ƙara biya wa kowa lissafin mota ba. Na gane cewa abin da kamfani ya faɗa, a busasshiyar hanya ya auna shi, kuma ba da irina a kan sitiyari ba.

Ranar da ta sake tashi, Ilu ya zo har shago da ita. Ya ce, "Baƙauye, in rani ya yi mu fita hanyar Bassam da sassafe. Miƙaƙƙiya ce, ba kwari. Kai za ka tuƙa, mu ga ɗari biyu da ashirin ɗin nan taka." Na ce to, amma a raina tsoro nake in sake taɓa masa ita. Na ce sai na fitar da kaya daga tasha. Wani ranin na ce sai na dawo daga Kano. Sai garin ya rikice, shingayen sojoji suka cika hanyoyi, ba mai fita gwada gudu. Da abin ya lafa, shi kuma jiki ya fara ƙi. Duk da haka bai daina ba. Makonni kaɗan kafin rasuwarsa ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Mai Dawaki, dawakai fa sun ƙoshi, kai suke jira." Na ce in ya ji sauƙi. Na ɗauka akwai lokaci.

Bayan Hajara ta fita takaba ta aiko a kira ni. Motar tana tsakar gida a rufe da tamfol. Ta ba ni makulli ta ce yaran ba su yarda a sayar ba, in riƙa zuwa ina tayar da ita kar ta mutu a tsaye. Duk Juma'a bayan masallaci nakan je. In cire tamfol, in zauna, in murɗa. Tana tashi. In saurari ƙararta kaɗan, allura tana kwance a kan sifili, kujerar gefe ba kowa, sannan in kashe in rufe.

Hanyar Bassam dai ba mu je ba.